Takardar da Baba Shuɗi Bai Karanta Ba

Shekara arba'in da ɗaya Baba Shuɗi ya yi yana buga takardu, amma ka tambaye shi abin da ke rubuce a jikin ko guda ɗaya, sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Ba wai bai iya karatu ba ne. A gida jarida yake bi daga farko har ƙarshe, ko tallan maganin basir ba ya tsallakewa. Amma muddin takarda daga bakin injinsa ta fito, idonsa ba ya sauka a tsakiyarta. Gefe yake kallo, inda ake jera 'yan ɗige-ɗigen launi da ƙananan alamomin daidaita bugu. Zai ɗora ɗan gilashinsa na ƙara girma, ya sunkuya, ya ga ko shuɗi ya hau kan rawaya daidai, ko ja ya zame da kaurin gashi. In komai ya zauna, sai ya zaro biro daga bayan kunne ya sa hannu a ƙasan takardar. A sana'armu wannan sa hannun ma'anarsa ɗaya ce tak: launi ya yi, a ci gaba da bugu.

Ni a teburin ninki nake. Mu ne masu ninke manyan takardu su zama shafuka, mu ɗinke, mu shafa gam, mu sa bango. Shekara goma sha tara na yi a wurin, kuma ni kam duk abin da ya biyo ta hannuna sai na karanta, ko da rasit ɗin shagon taya ne. Baba ya sha yi mini faɗa a kan haka.

"Sarkin Faɗa," haka yake kirana, don bakina ba ya ajiye magana, "takardar mutane amana ce. Ke aka rubuta wa?"

Ni kuma in ce, "To Baba, ido ne, in cire in sa a jaka?"

Yana da shekara goma sha shida ya shigo koyon aiki wurin Tsohon Maigida, wanda ya kafa maɗaba'ar. A watansa na biyu Tsohon ya kama shi yana motsa leɓe a kan takardar jarrabawa da ake bugawa, ya sharara masa marin da har ya tsufa yana shafa kuncin in yana ba da labari. Ya ce masa mai bugu makaho ne a tsakiya, mai ido a gefe. Daga ranar Baba ya riƙe wannan magana gam. Saboda irinsa ne ake kawo mana takardun jarrabawa da na kotu da na banki, don an san abin da ya shiga ɗakin injinmu ba ya fita a bakin kowa. Sunan Shuɗi kuwa daga faratansa ya samo shi. Tawada ta zauna a ƙarƙashinsu, sabulu da kananzir duk sun gaza.

A kan keke yake zuwa, shi ne na farkon shiga. Da injin bugun nan ya aurar da 'ya'ya uku, ya gina ɗaki biyu da falo a bayan tashar mota. Daga bakin ƙofa yake jin in wata ƙusa ta saki a injin, ya ce a kashe, a duba ƙarƙashin rola ta uku, a duba kuwa a samu. Mu ashirin da uku ne ma'aikata, ba mu da ƙungiya, ba mu taɓa zaɓen kowa ba, amma kowa ya san Baba ne bakinmu. In ya shiga ofis ya fito ya ce gobe, to gobe ce. Bai tara komai a duniya ba sai wannan: ba a taɓa ɗaukar maganarsa a ƙasa ba.

Da Tsohon Maigida ya rasu, 'ya'yansa ba su bari kabarinsa ya bushe ba suka sayar da mu ga wani kamfani mai maɗaba'u a garuruwa da yawa. Kamfanin ya turo mana manaja, wani mai farin hannu da bai san warin tawada ba. Ranar farko ya tara mu ya ce, "Mu nan iyali ɗaya ne." Ya maimaita har sau shida, na ƙirga. Kafin a tashi aiki sunansa ya zama Iyali Ɗaya.

Abin da ya fara yi wa iyalin nasa shi ne ɗauke butar shayi, wai tana cin wuta. A gurbinta ya kafa allo mai suna Gwarzon Wata, inda ake liƙa hoton wanda ya fi ƙwazo. Ya raba mana riguna masu rubutun Tare Muke a baya, duk girma ɗaya, tawa har gwiwa, ta mai yanka mana takarda kuwa ko cibiya ba ta rufe ba. Duk Litinin da safe sai mun tsaya a jere mun tafa wa kanmu. Rolar inji ta tsage, Baba ya nemi sabuwa wata huɗu, amsar ita ce a ƙara haƙuri, a yi tunani mai kyau. Wallahi har yau in na ji mutum ya ce tunani mai kyau sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Sai aiki ya fara sulalewa. Littattafan makaranta da muka saba yi kowace shekara aka mayar wani gari. Aka lulluɓe ƙaramin inji da tamfol. Rediyon teburinmu ta lalace ba wanda ya damu ya gyara. Mu da muke gasar wa za ta riga gama dami, muka koma ninki a hankali don aikin ya kai mu yamma, kada a gan mu zaune. Barkwanci ya mutu. Mutum zai shigo ya gaishe ka idonsa na kan ƙofar ofis.

Ana cikin haka mai wata maɗaba'a a ƙetaren gada ya aiko yana neman mutum biyar: ni, da mai yanka, da wasu mata biyu na teburinmu, da mai haɗa faranti, wato wanda ke shirya zanen ƙarfen da ake ɗaura wa inji. Ya ba mu mako guda mu ba shi amsa. Ni har na fara kwashe almakashina. Amma ba a barin wuri ba a gaya wa Baba ba, don haka muka same shi yana goge rola.

Ya saurare mu har muka gama, ya ce, "Ku ba ni zuwa gobe. Ruwa ba ya tsami banza, na sani. Bari in ji daga bakinsa."

Ya wanke hannu, ya shiga ofis. Ta gilashin ƙofa muna hangen Iyali Ɗaya ya taso ya ba shi kujera, ya dafa ƙirji, yana magana yana girgiza kai. Baba ya fito fuskarsa a sake.

"Na tambaye shi ido cikin ido ko rufe mu za a yi," in ji shi. "Ya rantse mini. Ya ce sabon inji ma yana hanya, shi ya sa ba a sayen rola. Ku zauna."

Mai yanka, wani ƙato mai 'ya'ya bakwai, ya ce, "Baba, romon baka fa ya iya."

"Ba bakinsa na ce ku riƙe ba. Nawa na sa. In ya tashi, ku kama ni."

Shi ke nan. Mu biyar muka aika wa na ƙetaren gada cewa mun gode. Cikin kwana uku ya cike gurbinmu da wasu.

Ranar Asabar ta wannan makon, ranar da teburin ninki ba ya aiki, Iyali Ɗaya ya kira Baba shi kaɗai ya zo ya taimaka da wani ɗan aikin gaggawa. Da kansa ya kawo farantan a mota, an riga an haɗa su a wani wuri. Babbar takarda ce mai shafi takwas, rabi a tsaye rabi a kife kamar yadda ake jera su kafin ninki, rubutu ƙanana, ba hoto, launi biyu. Kwafi ɗari biyar, aikin rabin awa. Baba ya ɗaura, ya gwada, ya ga baƙin ya yi nauyi ya rage, ya duba gefe da gilashinsa, ya sa hannu da kwanan wata. Manaja ya kwashe takardun a shimfiɗe, ba yanka ba ninki, ya zuba a but ɗin motarsa. Har ya ce wa Baba, "Allah ya bar mana kai."

Abin da mai farin hannu bai sani ba shi ne, kafin launi ya zauna inji yakan ɓata takarda talatin ko arba'in, kuma ba a zubar da su. Ana jibge su a ƙarƙashin inji, kowa ya ɗiba ya yi shimfiɗa. Bayan kwana goma sha biyu gam ya zube mini a tebur, na je na zaro guda na shimfiɗa, na ɗora tukunyar gam a kai. Idona kuwa, kun san halinsa.

Sanarwar gwanjo ce. Sunan masu gwanjon da manyan baƙaƙe a sama, a ƙasa kuma da ƙananan rubutu sunan maɗaba'armu, da lambar titinmu, da ranar da za a rufe: ƙarshen wata. Sai jerin kaya. Babban inji mai launi huɗu. Injin yanka. Teburan ninki guda shida. Kujerar roba goma sha takwas. Har allon Gwarzon Wata yana ciki, lamba ta sittin da ɗaya.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane a kaina. Na karanta musu da ƙarfi, tun daga sama. Baba ya kashe inji ya taho yana goge hannu, ya karɓi takardar. Ku yarda ko kada ku yarda, gefenta ya fara kallo. Daga nan ne ya gane aikinsa ne. Sannan a hankali, karo na farko tun yana ɗan shekara goma sha shida, ya saukar da ido tsakiya. Na ga leɓensa yana motsi.

Muka ɗunguma ofis gaba ɗaya. Iyali Ɗaya ko gezau bai yi ba. Ya gyara zama ya ce ai hukuncin daga sama ne, shi ma zuciyarsa a karye take.

Na ce, "Yallaɓai, zuciyar taka lamba ta nawa ce a jerin? Ban gan ta ba. Ka rantse wa dattijo, ka hana mu tafiya inda ake nemanmu, don kawai mu ƙarasa maka ragowar aiki. Sannan don tsabar rowa, ko takardar yanka mu ba ka iya biya a buga a waje ba, sai da injinmu, da tawadarmu, da hannun Baba!"

Mai haɗa faranti ya ce doka ta ce a sanar da ma'aikata wata guda kafin rufewa. Nan ne manaja ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar gwanjon a cikin leda, ya shimfiɗa ta a gabanmu. Ya sa yatsa a ƙasa.

"An sanar," in ji shi. "Ga sa hannun wakilinku, ga kwanan wata. Baba, ba hannunka ba ne wannan?"

"Hannuna ne," in ji Baba. "Na launi ne."

"Ni dai na ga takarda, na ga sa hannu. Mutum ya buga abu ɗari biyar ya ce bai san me ke ciki ba? Haba Baba. Na ɗauka ka gaya musu."

Kowa a wurin ya san Baba ba ya karanta aiki. Mun yi shekaru muna tsokanarsa a kai. Amma mutumin da aka yi wa sakiyar da ba ruwa yana neman wanda zai kama, kuma manaja ya fi ƙarfin hannunmu, Baba kuwa ga shi a tsaye kusa. Mai yanka ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Ranar Asabar, kai kaɗai, ƙofa a rufe," in ji shi. "Nawa aka ba ka, Baba?"

Na zabura zan ci kwalarsa, mata suka riƙe ni. Baba ya juya. Ya fita ya koma wurin inji, ya kunna, ya ƙarasa katin gayyatar da yake bugawa, don mai aikin zai zo karɓa da yamma.

Kwanakin da suka rage sun fi rufewar kanta ɗaci. In Baba ya shigo sai hira ta tsaya. Wani ya cire hotonsa daga allon Gwarzon Wata ya jefa a kwandon shara. Aka fara cewa an yi masa alkawarin aiki a wani wuri, shi ya sa. Ni ma, kada in yi ƙarya, ina jin haushinsa. Ba don na yarda ya ci amana ba, sai don taurin kansa. Rabin awa takardar mutuwarmu tana wucewa ta gabansa sau ɗari biyar, shi yana can yana auna nauyin baƙi. Na gaya masa haka a fuskarsa. Ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan." Wannan ya ƙara ƙona mini rai, don faɗa nake nema.

Ƙarshen wata aka sa kwaɗo. Masu gwanjo suka zo suna liƙa lambobi a jikin kaya, kowa ya kama gabansa.

Bayan mako uku matar Baba, da muke kira Mama, ta aiko a kira ni. Na same ta a falo gaban keken ɗinkinta, ido ya yi ja. Baba yana zaune a kan kujera, hannuwa a kan gwiwa. Ashe ya yi ta zarya zuwa ƙetaren gada yana roƙon a ɗauke mu biyar ɗin da ya hana tafiya. Mai wurin ya ce gurbi ya cike, amma shi ne ya sayi babban injinmu a gwanjo, kuma ba wanda ya san kansa kamar Baba. Ya ce Baba ya zo ranar Litinin, da albashin da ya fi na da.

"Ya ce ba zai je ba," in ji Mama. "Ki yi masa magana, ke yake jin tsoron bakinki. Autarmu saura shekara biyu ta gama makaranta."

Na ce, "Baba, kana hauka ne? Yi haƙuri, amma kana hauka ne? Mutum mai shekara hamsin da bakwai a kira shi aiki ya ce a'a? Wa zai sake kiranka?"

"Sun ce an yi mini alkawarin aiki," in ji shi. "In na bi injin nan na haye gada, maganarsu ta tabbata."

"To ta tabbata mana! Maganarsu za ku ci a gidan nan? Wanda ya shafa maka kashin kaji yana can an ba shi wata maɗaba'ar yana raba riguna. Kai kuma za ka hukunta kanka, ka haɗa da Mama da yarinya?"

"Na ce in bakina ya tashi ku kama ni. Ya tashi. Ba zan tsallake in bar ku a ƙasa ba."

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce zan je in tsaya gaban kowa in faɗi gaskiya. Mama ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Baba dai yana kan bakansa. Litinin ta zo ta wuce, aka ɗauko wani daga wani gari aka ba shi injin. Da na koma, abu ɗaya Baba ya roƙe ni.

"Ki bi su ki gaya musu an kira ni ban je ba. Ni in na faɗa ba za su yarda ba."

Na bi su. Kwana huɗu ina yawo. Cikin ashirin da ɗaya bakwai kawai na samu, sauran sun bar gari ko sun canja lamba. Ɗaya tana sayar da kwancen tufafi a bakin titi, ta ce Allah sarki, ta juya wurin mai ciniki. Mai haɗa faranti ya ce ashe da aiki a can, ko zan san wanda zai yi masa hanya? Mai yanka na same shi yana lodin buhu a bayan wani sito, gumi har ido. Na gaya masa duka, tun daga roƙon da Baba ya yi mana har ƙin da ya yi.

Ya sauke buhun, ya ce, "Bai je ba? To wa ya aike shi? Da ya je ai da ya jawo ni." Ya ɗauki wani buhun ya wuce.

Na tsaya a wurin kamar in haɗiye zuciya. Ban san wa zan fara zagi ba.

Da la'asar na isa gidan. Baba yana bakin ƙofa, ya sa rigar fita kamar mai jiran baƙi. Tun daga nesa ya miƙe.

"Kin same su?"

"Na same su, Baba."

"Me suka ce?"

Na dubi fuskarsa. Ta taga ina jin ƙarar keken Mama, tana ɗinki da ƙarfi kamar za ta karya allura.

Na ce, "Sun ce sun yarda. Sun ce ka yafe musu."

Ya sauke numfashi, ya koma ya zauna a hankali. "Har mai yanka?"

"Shi ya fara faɗa."

"Sai wa?" in ji shi. "Faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya."

Na zauna a dakali na fara lissafa masa, har da waɗanda ban gani ba. Duk wanda na kira sai ya gyaɗa kai.